Daga kwalliya zuwa sulhu: yadda “make up” ke sauya riga a Turanci

Wata rana na ba ɗaliban ajin ƙarshe na sakandare jimloli biyar su mayar da su Hausa. Ta ukun tana cewa: “The two sisters quarrelled in the morning and made up in the evening.” Da yawansu suka rubuta cewa 'yan'uwan nan mata biyu sun yi faɗa da safe, da yamma kuma suka yi kwalliya. Da na ce ba haka ba ne, wata yarinya da ke zama a layin gaba ta ɗaga hannu ta ce, “To Malam, ai mata ne, kuma da yamma ake kwalliya.”

Ban ga laifinta ba. Ta yi aiki da abin da ta sani, ta kuma kawo hujjar da hankali zai ɗauka. “Makeup” ɗin da ta sani shi ne na gidan biki, wanda ake biyan mai kwalliya ta zo ta yi wa amarya. Abin da jimlar ke nufi kuwa shi ne yaya da ƙanwa sun saɓa da safe, da yamma suka shirya. Tun daga ranar nake tunanin yadda muke koyar da irin waɗannan kalmomi: mu rubuta jerin ma'anoni a allo, yara su kwafa, su haddace, su zubar a takardar jarrabawa, su manta. Ni a ganina akwai hanyar da ta fi wannan, kuma Bahaushe ya fi mutane da yawa kusa da ita, don harshensa na yin irin wannan aikin kullum ba tare da ya lura ba.

Turanci yana da wata ɗabi'a ta ɗauko aikatau gajere, irin su “make”, “take”, “put”, “get”, ya rataya masa wata 'yar ƙaramar kalma kamar “up” ko “off” ko “out”, sai su biyun su haifi ma'anar da ba ta cikin ɗayansu. Ni nakan ce wa ɗalibaina aikatau mai 'yar rakiya. Turawan da kansu sun daɗe da sanin cewa nan baƙi ke tuntuɓe. Samuel Johnson, a gabatarwar ƙamusunsa na 1755, ya ambaci wannan haɗi a matsayin abin da ya fi ba baƙon harshen wahala. Sunan da ake kiran sa da shi yanzu, “phrasal verb”, marubuci Logan Pearsall Smith ne ya yaɗa shi a littafinsa na 1925, inda ya ce wurin Henry Bradley, wani masanin ƙamus, ya samo shi.

Akwai kuma tarihin da ya sa abin ya yi kauri. Bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da kotu na tsawon ƙarnoni, kalmomin Faransanci da Latin suka kwararo cikin Turanci. Sai harshen ya tashi da rumbu biyu: na tsofaffin kalmomin gida, gajeru, waɗanda ake hira da su, da na kalmomin aro, dogaye, waɗanda ake rubuta takardar ofis da su. Shi ya sa kusan kowace ma'ana ta “make up” tana da 'yar'uwa mai babbar riga: “invent”, “constitute”, “compensate”, “reconcile”. Mu da muka koyi Turanci a aji mun fi sanin masu babbar rigar. Bature a gidansa kuwa da gajerun yake wuni.

Bakin zaren yana jikin “up”. A makaranta an ce mana ma'anarta sama, kuma haka ne. Amma tana da wani aikin da ba a cika faɗa mana ba: nuna cewa an kai aiki ƙarshe, an gama shi kakaf. “Eat” ci ne, “eat up” cinyewa. “Drink” sha, “drink up” shanyewa. “Buy” saye, “buy up” a saye kaya kaf har a rasa a kasuwa. Duba fassarar da kyau, za ka ga Hausa ba ta nemo wata kalma daga waje ba, ƙarshen aikatau kawai ta taɓa. Ci ya zama cinye, sha ya zama shanye, ƙona ya zama ƙone, cika ya zama cike. F. W. Parsons, wanda ya koyar da Hausa a Landan, shi ne a 1960 ya kasa aikatau na Hausa aji bakwai, kuma aji na huɗu, mai ƙarewa da wasalin e, shi ne wannan na gamawa ɗungurungum. Na shida, mai ƙarewa da o, yana jawo aiki zuwa wurin mai magana: sayo, aiko, dawo. Na biyar yana kore shi waje: zubar, fitar, jefar. Abin da Turanci ke yi da “up” da “back” da “away”, mu da ƙarshen kalma muke yin sa. Yaron da ya san bambancin “ya sha” da “ya shanye” ya riga ya san rabin darasin.

To idan “make” yi ne ko haɗawa, “make up” a asalinsa shi ne a haɗa abu har ya cika, ya zama guda. Riƙe wannan, sauran ma'anonin duk rassansa ne.

Reshe mafi kusa da gindi shi ne na sassan da ke haɗuwa su tayar da abu ɗaya. Jihohi 36 da Babban Birnin Tarayya su suka haɗu suka yi Najeriya: “Thirty-six states and the FCT make up Nigeria.” Ingila da Sikotland da Wales da Ireland ta Arewa su ne Birtaniya a dunƙule, da wannan aikatau ɗin ake faɗa. Idan ana maganar kaso ma shi ne: iskar nitrojin ita ce kusan kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa, sai a ce “nitrogen makes up about 78 per cent of the air”. Abin lura shi ne inda jimlar ta fuskanta. In sassan ne a gaba, “make up” kawai. In babban abin ne a gaba, sai a juya: “Nigeria is made up of thirty-six states and the FCT.” A nan ne wani kuskure da ya zama ruwan dare a rubutunmu ya samo asali, wato “comprises of”. Marubuci ya saba da “made up of” da “consists of”, sai ya ɗauko “of” ɗin ya manna wa “comprise”, alhali ita ba ta buƙatarsa. Masu duba takardun WAEC da NECO ba sa yafe wannan. A kuma bambance shi da “made of” da “made from”: tabarma “is made of” kaba, don kana ganin kabar da idonka, ƙuli-ƙuli “is made from” gyaɗa, don gyaɗar ta sake kama.

Daga nan sai haɗawa da hannu. Mai kantin magani yana iya “make up a prescription”, ya harhaɗa maganin da likita ya rubuta. Matar gida za ta “make up a bed” wa baƙo, ta yi masa shimfiɗa daga farko, wanda ya sha bamban da “make the bed”, gyaran gadon da aka tashi daga kansa da safe. A gidajen jarida na da, jera rubutu da hotuna su zama shafi shi ma “make up” ne. Waɗannan ba sa ba kowa wuya.

Amma ba magani da shimfiɗa kaɗai ake haɗawa ba, ana haɗa zance. “He made up a story” na nufin ya ƙago labari, ya shirya shi daga kansa. Ashe ba haka muke cewa ba? Ya haɗa ƙarya, ya shirya zance, ya kitsa magana. Sai dai kada a ɗauka kullum zargi ne. Kakar da ke ƙago wa jikokinta tatsuniya da dare tana “making up stories”, kuma babu mai ce mata maƙaryaciya. Yaron da ya makara ya ce tayar kekensa ce ta fashe alhali barci ya yi, shi ma “made up an excuse”. Kalma ɗaya ce, mahallin zance ke raba ƙirƙira da shaci-faɗi. Daga nan aka samu sifar “made-up”: “a made-up name” sunan bogi ne. Mutanen Birtaniya kuma in abu ya faru mai ban mamaki ƙwarai sukan ce “you couldn't make it up”, wato ko mai ƙaga labari ba zai iya ƙago wannan ba.

Kwalliyar da ta ruɗi ɗalibata 'yar wannan ɗakin ce. A ƙarni na 19, a bakin 'yan wasan kwaikwayo, “make up” shi ne ɗan wasa ya shirya kansa ya koma wani mutum: ya shafa fenti a fuska, ya manna gemu, saurayi ya zama tsoho. Ƙaga fuska ke nan, kamar yadda ake ƙaga labari. Saboda haka na tsawon lokaci kalmar ba ta da daraja a wajen matan gida, ana ganin ta 'yan dandali ce. Max Factor, ɗan asalin Poland da ya zauna a Los Angeles yana yi wa taurarin Hollywood kwalliya, shi ne a 1920 ya fara kiran kayan da yake sayar wa jama'a da wannan suna, ya fitar da shi daga bayan labule ya shigar da shi ɗakunan mata. Da aka fara fim mai kala, tsohon man shafawa ya riƙa ƙyalli a hoto, sai kamfaninsa ya fito da wata hoda dunƙulalliya a cikin ɗan faranti, aka sa mata Pan-Cake, ta shiga kasuwa a ƙarshen shekarun 1930. Duk wanda ya taɓa jin iyayenmu mata suna cewa a miƙo musu fankeke, to jikar wannan sunan ce. Abin yana burge ni, yadda kalma za ta taso daga ɗakin shirya fim a Amurka ta sauka a kan madubin amarya a Kano ko Maraɗi, ta zama tamu har ba a jin baƙuncinta.

Wani abu da ɗalibata ba ta sani ba shi ne, Bature bai cika cewa “she made up” kawai ba in kwalliya yake nufi. Ya fi cewa “she put on her makeup” ko “she did her makeup”, ko “she was heavily made up” ga wadda ta caɓa ado. In ka ga mutum biyu, ga faɗa a baya, ga “made up” babu karɓau (abin da aikin ya faɗa wa) a gabansa, to sulhu ne.

Yanzu ga ɓangaren da na fi so a daɗe a kansa, don shi ne mai rassan da ke kama da juna har su rikita mutum. Haɗa abu har ya cika yana nufin akwai giɓi, ana cike shi. Kuɗin haya dubu ɗari ne, kana da tamanin, yayanka ya ce “I'll make up the difference”: zai yi maka ciko. Direban da ya tashi a makare ya taka mota ya isa a kan lokaci ya “made up the time”. Ɗalibin da rashin lafiya ya hana shi gwaji, in malami ya sake ba shi dama, ya rubuta “make-up test”, kalmar da duk wanda ya yi jami'a a Najeriya ya sani. Musulmi masu magana da Turanci kuwa da wannan aikatau suke faɗin ramuwar azumi da ta salla: “make up the missed fasts”. Akwai ma “make up the numbers”, mutumin da aka gayyato don cika lissafi kawai, irin wanda muke cewa ɗan rakiya ne ko cikon benci.

Da zarar an ƙara “for”, maganar ta koma kan abin da aka rasa ko aka ɓata. “Nothing can make up for the loss of a mother”: babu abin da zai maye gurbin uwa. “He is slow, but his honesty makes up for it”: yana da nawa, amma gaskiyarsa ta rufe wannan. Wanda ya daɗe yana jinya ya tashi ya kama aiki ba ji ba gani yana “making up for lost time”. In kuma aka ce “make it up to”, to mutum ne a gaba, wanda aka ɓata wa. Maigidan da ya yi alkawarin kai iyalinsa gida da salla aiki ya hana shi, zai ce “I'll make it up to you”: zan yi abin da zai wanke ni, zan share miki wannan ɓacin ran. Ka ga “for” na nuna laifin ko asarar, “to” na nuna mai haƙƙin. Ana ma iya haɗa su a jimla guda.

A nan nake jan kunnen mai fassara game da “rama”. Ta dace da azumi, ta dace da barci, ta dace da karatun da ya wuce ka. Amma “rama” tamu tana da ƙaya, don ita ce kuma ta ramuwar gayya. In ka fassara “I'll make it up to you” da “zan rama”, ka mayar da ban haƙuri barazana. Turancin ba shi da wannan fuska ko kaɗan. Mai son ɗaukar fansa “get back at” zai ce, ko “pay back”.

Daga cike giɓin kuɗi da na lokaci, sai giɓin da ke tsakanin mutum biyu. Shi ne sulhun. “They made up”, sun shirya. “She made up with her sister”, ta shirya da 'yar'uwarta. A Birtaniya za ka ji an saka “it” a tsakiya, “they've made it up”, ma'anar ba ta canja ba, ko da yake jimlar na iya nufin sun ƙago zancen, sai an duba abin da ya gabata. Wannan sulhu na cikin gida ne, na harshe da haƙori: miji da mata, aminai, yara a tsakar gida. Ƙasashen da suka yi yaƙi ba a cika cewa sun “made up” ba sai in ɗan jarida na son sassauta harshe.

Ku dubi kalmar “shirya” da na yi ta maimaitawa ba da gangan ba. Mun shirya da wane, wato mun sasanta. Ya shirya ƙarya. Ta shiga ɗaki ta shirya, wato ta yi ado ta fito. An shirya wa baƙo ɗaki. Ma'anoni huɗu na “make up” ke nan a cikin kalmar Hausa ɗaya, kuma babu Bahaushen da ya taɓa ruɗewa ya ɗauka ma'auratan da suka shirya kaya suka ɗaura. Harsunan biyu ba dangin juna ba ne, babu wanda ya ari wannan salo wurin wani. Tunanin ɗan Adam ne ya bi hanya ɗaya: daidaita abu, daidaita fuska, daidaita zance, daidaita tsakani. Da na rubuta “shirya” a allo kusa da “make up” na ce ɗalibai su kawo jimloli, cikin minti kaɗan suka gano abin da jerin haddar bai koya musu ba. Ba ko'ina suke tafiya tare ba, “shirya” ba ta ciko kuma ba ta ramuwa, a nan sai “cika” da “rama” su karɓa. Amma ta isa ta nuna wa yaro cewa Turanci bai zo da wani sihiri ba. Mai cewa ci amana, ci bashi, ci gaba, ci jarrabawa, ci fuska, bai kamata “make up” ta firgita shi ba.

“Make up your mind” ita ma gidan ɗaya ce: tunani ya rarrabu, ka tattaro shi wuri guda, ka tsai da shawara. Abin kiyayewa kawai shi ne kalmar mallaka ta bi mai aikin: “she made up her mind”, “they made up their minds”. Wanda ya ce “my mind is made up” yana gaya maka kada ka wahalar da kanka, ya gama magana.

Sai tsarin jimla, inda ake yawan zubar da maki. A ma'anonin da ke ɗaukar karɓau, kamar ƙaga labari, 'yar rakiyar na iya zama gaba ko baya: “he made up the story” da “he made the story up” duka daidai ne. In karɓan dogo ne, a bar ta manne da aikatau, kada mai sauraro ya gaji da jiran ta. Amma in wakilin suna ne, dole ya shiga tsakiya: “he made it up”. “He made up it” ba Turanci ba ne. Wannan ma ba baƙon abu ba ne gare mu, don aikataunmu yana sauya fuska gwargwadon abin da ke bin sa: na sayi rago, na saye shi, shi na saya. Mai “for” kuwa ba ya rabuwa, su ukun a jere suke tafiya, wakilin suna ya biyo baya: “make up for it”. Ka ajiye “make it up” da “make up for it” kusa da juna ka dube su, ɗaya ƙage ne ko sulhu, ɗaya diyya.

Furuci ma yana da nasa. In aikatau ne, nauyin murya na kan “up”. In suna ne, yana kan “make”, a rubuce kuma a haɗe su, “makeup” a Amurka, “make-up” galibi a Birtaniya. Kunnen da ke raba wuyan jiki da wuyar aiki da karin sauti kawai ba zai kasa jin wannan ba in an nuna masa. Sunan kuma bai tsaya ga hoda da jan baki ba: “the makeup of the committee” su wane ne a cikin kwamitin, “genetic makeup” ƙirar da mutum ya gado.

Turancinmu na Najeriya yana da halin yar da 'yan rakiyar nan inda ake buƙatarsu, ya kuma ɗora su inda ba a nema. Mukan ce “he didn't pick my call” mu bar “up” a hanya, sannan mu ce “cope up with” inda “cope with” ta wadatar. A hira tsakaninmu ana fahimta, ba na ganin abin kunya a ciki. Amma da “make” yar da ita na canja zance gaba ɗaya. “He made the report” ya rubuta rahoton. “He made the report up” ya ƙirƙiro shi, babu gaskiya a ciki. Ma'aikacin da ya rubuta wa shugabansa ta biyun yana nufin ta farkon ya jefa abokin aikinsa a rami da haruffa biyu.

Saura biyu da ba a cika haɗuwa da su ba, amma gara a san su. “Make up to somebody”, babu “it” a tsakiya, tsohuwar magana ce ta Birtaniya mai nufin fadanci, yi wa na sama daɗin baki don neman wani abu. Tazararta da “make it up to somebody” ita ce 'yar kalmar nan “it”, amma ɗaya mai neman gafara ne, ɗaya ɗan bambaɗanci. Ta biyun kuwa ta mutanen birnin Liverpool na Ingila ce da kewayensa. In ka gaya wa ɗan garin cewa matarka ta haihu ya ce maka “I'm made up for you”, bai yi kwalliya ba, bai ƙaga komai ba, ba ku kuma yi faɗa ba balle ku shirya. Murna yake taya ka, yana cewa farin ciki ya cika shi.